Lasisi ko lafiya: Yadda dokar bayyana ciwo ke nesanta matuƙa jiragen sama da likitan ƙwaƙwalwa

Keffi, Jihar Nasarawa. Aƙalla sau ɗaya a shekara, duk matuƙin jirgin saman da ke ɗaukar fasinja a Najeriya yakan gurfana gaban likitan da Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, wato NCAA, ta amince wa ya duba shi. Za a auna ganinsa da jinsa, a duba bugun zuciyarsa da hawan jininsa, a gwada fitsarinsa. Na'ura ce ke ba da amsar waɗannan, shi ba shi da ta cewa. Sai dai akwai wani sashe na takardar da babu na'urar da ke cike shi. A nan ne ake tambayarsa ko ya taɓa fama da ciwon damuwa ko fargaba, ko ya taɓa ganin likitan ƙwaƙwalwa, ko akwai maganin da yake sha. Abin da ya rubuta da hannunsa shi ne kusan dukkan hujjar da likita zai dogara da ita.

Idan ya faɗi gaskiya, ana iya dakatar da takardar shaidar lafiyarsa, kuma ba tare da ita ba lasisinsa ba ya da amfani. Idan ya ɓoye aka gano, ya karya doka kuma yana iya rasa lasisin baki ɗaya. Tsakanin waɗannan biyun akwai hanya ta uku da dokar ba ta hana ba, kuma binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna ita ce matuƙa da yawa ke bi: kada ma a je wurin likita tun farko, domin ciwon da ba a rubuta a kati ba babu wanda zai ce an ɓoye shi.

Ba Najeriya ce ta ƙirƙiro wannan ƙa'ida ba. Tushenta yana cikin yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ta kafa Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, mai hedikwata a Montreal. Rataye na farko na yarjejeniyar shi ya shimfiɗa sharuɗɗan lafiyar ma'aikatan jirgi, kuma daga gare shi Najeriya ta ɗauko abin da ke kashi na biyu na dokokin sufurin samanta, waɗanda aka sabunta a 2023. Matuƙan jiragen kasuwanci suna buƙatar takardar lafiya mai daraja ta ɗaya, masu tuƙi don kansu ta biyu, jami'an da ke ba jirage umarni daga hasumiya kuma ta uku. Nauyin bai tsaya ga ranar gwaji ba. Duk lokacin da mai lasisi ya ji lafiyarsa ta ragu ta yadda aikinsa zai iya samun tangarɗa, wajibi ne ya dakata da kansa.

Babu mai hankalin da zai ce a soke wannan. Mutanen Kano ba su manta da jirgin EAS da ya faɗa unguwar Gwammaja ranar 4 ga Mayu, 2002 ba, inda mutum fiye da 100 suka rasu. Ba a kuma manta da jirgin ADC da ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Abuja ranar 29 ga Oktoba, 2006 ba, wanda ya yi sanadin rasuwar mutum 96, ciki har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Babu ɗaya daga cikin haɗurran nan biyu da aka danganta da lafiyar ƙwaƙwalwar matuƙi, amma su suka koya wa jama'ar Arewa cewa kuskure a sama ba ya gyaruwa. Alhajin da ya taso daga Keffi ya nufi filin jirgin Abuja don tafiya Saudiyya yana da haƙƙin ya tabbata wanda ke riƙe da akalar jirgin yana cikin hayyacinsa. Tambayar da ake yi yanzu a duniya ita ce ko tsarin da ake bi yana ba shi wannan tabbacin.

Abin da ya tayar da muhawarar shi ne haɗarin jirgin Germanwings na ranar 24 ga Maris, 2015. Jirgin ya taso daga Barcelona zuwa Düsseldorf, sai mataimakin matuƙi, Andreas Lubitz, ya kulle ƙofar ɗakin tuƙi bayan kyaftin ya fita, ya karkata jirgin da gangan ya daki duwatsun Alps a Faransa. Mutum 150 suka mutu. Da farko abin da duniya ta fahimta shi ne gwajin bai yi tsauri ba. Rahoton ƙarshe da hukumar binciken haɗurran jirage ta Faransa ta fitar a Maris 2016 ya nuna lamarin ya fi haka sarƙaƙiya.

Lubitz ya yi fama da matsananciyar damuwa tun 2008, ya yi magani, aka mayar masa da takardar lafiyarsa da sharaɗin cewa za ta lalace da zarar ciwon ya dawo. Wannan sharaɗin, wanda aka sa don kare fasinja, shi ya sanar da shi tun da wuri cewa ranar da ya buɗe baki ita ce ranar ƙarshen aikinsa. Ya kuma zuba kusan yuro 60,000 daga aljihunsa wajen koyon tuƙi. Da ciwon ya dawo a ƙarshen 2014, bai zauna ba. Mai gabatar da ƙara na Faransa ya ce ya ga likitoci 41 cikin shekara biyar. Makonni biyu kafin haɗarin wani likita ya ba da shawarar a kwantar da shi a asibitin ƙwaƙwalwa. An ba shi takardun hutun rashin lafiya, an tsinci wasunsu a yage a gidansa. Babu likita ko ɗaya da ya sanar da kamfanin ko hukuma, saboda dokar sirrin majinyaci a Jamus tana da tsauri, shi kuma bai faɗa ba.

Shawarwarin masu binciken sun tafi ta fuska biyu. Sun nemi a fayyace wa likitoci lokacin da ya halatta su karya sirri idan rayukan jama'a na cikin haɗari. Sun kuma nemi a rage wa matuƙi asarar da yake tsoro: a samar da inshorar rasa lasisi mai ma'ana, a bar wasu su ci gaba da tuƙi suna shan maganin damuwa ƙarƙashin kulawa, a kafa tsarin da matuƙi zai kai kukansa ga ɗan'uwansa matuƙi a asirce. Tarayyar Turai ta mayar da wani ɓangare na wannan doka a 2018, kuma tun Fabrairu 2021 wajibi ne kamfanonin jiragenta su samar wa matuƙansu irin wannan tsarin tallafi.

Afirka ma ta ga irin wannan. Ranar 29 ga Nuwamba, 2013, jirgin kamfanin LAM na Mozambik da ya taso daga Maputo zuwa Luanda ya faɗi a arewacin Namibiya da mutum 33, kuma bincike ya gano kyaftin ne ya saukar da shi da gangan yayin da mataimakinsa ke waje. Amma a nan ya kamata a yi hattara. Irin waɗannan aukuwa ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da miliyoyin tashin jirage a kowace shekara, kuma mafi yawan masu ciwon damuwa ba su da haɗari ga kowa. Haɗarin da ya fi yawa ba ya shiga labarai: matuƙin da ya yi wata uku bai samu barcin kirki ba, hankalinsa a rabe, yana jinkirin yanke shawara a daidai lokacin da daƙiƙa biyu ke da muhimmanci.

Alƙaluma sun nuna girman abin da ke ɓoye. Wani bincike na masana a Jami'ar Harvard da aka buga a 2016, wanda ba a nemi sunan masu amsawa ba, ya gano kashi 12.6 cikin ɗari na matuƙa 1,848 da suka amsa tambayoyin sun kai mizanin ciwon damuwa, kashi 4.1 kuma sun yi tunanin kashe kansu cikin makonni biyu kafin binciken. Wani da aka buga a 2022 kan matuƙa 3,765 a Amurka ya gano kashi 56.1 cikin ɗari sun taɓa guje wa asibiti ko ɓoye wani abu saboda tsoron rasa takardar lafiya. Fiye da rabi ke nan, a ƙasar da yin ƙarya kan wannan takarda ke iya jawo ɗaurin shekara biyar da tarar dala 250,000. Tsananin hukunci bai sa sun faɗi gaskiya ba. Ya dai koya musu nesa da ƙofar likita.

Amurka ta farga da ƙarfi ne ranar 22 ga Oktoba, 2023, lokacin da Joseph Emerson, matuƙin kamfanin Alaska da ba ya bakin aiki amma aka rage masa hanya a kujerar ɗakin tuƙi, ya yi yunƙurin kashe injinan jirgi a sararin sama. Matuƙan da ke aiki suka rinjaye shi, jirgin ya sauka lafiya a Portland. Daga baya ya bayyana cewa ya daɗe cikin damuwa tun rasuwar wani amininsa, bai nemi magani ba don tsoron lasisinsa, kuma ya ci wani naman kaza mai gusar da hankali kwana biyu kafin tafiyar. Hukumar sufurin sama ta Amurka, FAA, ta kafa kwamiti a Disamba 2023, ya miƙa shawarwari 24 a Afrilu 2024, ciki har da buɗe hanyar da wanda ya ɓoye ciwo a baya zai fito ya faɗa ba tare da an hukunta shi ba. Hukumar takan ce waɗanda ake hana wa takarda kwata-kwata bayan sun bayyana matsalar lafiya ba su wuce kashi 0.1 cikin ɗari ba. Matuƙa kuma sukan amsa cewa ba hanin ƙarshe suke tsoro ba kaɗai, har da watannin da za su shafe a ƙasa ba albashi, suna biyan kuɗin gwaje-gwaje suna jiran amsa.

Idan haka lamarin yake inda likitocin ƙwaƙwalwa suke da yawa, inshora ke aiki, ƙungiyoyin ƙwadago ke da ƙarfi, to sai a auna yadda zai kasance ga matashin da ya taso a gari kamar Keffi.

A ɗauka ya samu gurbi a Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Kuɗin karatun miliyoyin naira ne. Ko dai gwamnatin jiha ta ɗauki nauyinsa, ko uba ya sayar da gona ko fili, ko dangi su yi karo-karo. Bayan ya gama yakan yi zaman jiran aiki, domin kamfanoni sun fi son mai sa'o'in tuƙi masu yawa, sau da yawa kuma sai ya sake biyan kuɗin horo kan takamaiman nau'in jirgi a ƙasar waje, da dala. Ranar da ya samu kujera, ba shi kaɗai ya samu ba: ƙannensa da ke makaranta, magungunan mahaifiya, auren ƙanwa, duk sun rataya a wuyan takarda guda da ake sabuntawa duk shekara. Wanda ke cikin wannan hali, idan barci ya ƙaurace masa bayan rasuwar ɗa ko mutuwar aure, lissafin da zai fara yi na mutum nawa ne za su kwana da yunwa idan aka ajiye shi wata shida.

Sai kuma abin da gari zai ce. Keffi tana da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da Jami'ar Jihar Nasarawa, kuma tafiyar kusan kilomita 50 ce zuwa Abuja, amma har yanzu gari ne da aka san ɗan gidan wane. Mai ba da kati a asibiti yana iya zama maƙwabci, ma'aikaciyar jinya kuma 'yar ajin matarsa. A bakin jama'a kalma ɗaya ce ke rufe komai, daga rashin barci har zuwa fita tsirara: taɓin hankali. Wanda aka gani a layin likitan ƙwaƙwalwa, tambarin yakan bi shi har zuwa ranar da za a zo binciken auren 'yarsa. Ƙwararrun ma ba su da yawa. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga al'umma fiye da miliyan 200, kuma asibitocin tarayya na wannan fanni a Arewa suna wurare kamar Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri, sunayen da ambatonsu kaɗai yakan sa a kalli mutum sau biyu.

Abin da ya fi dacewa hukumomi su lura da shi shi ne inda mutum ke nufa idan ya guji asibiti. Takardar gwaji tana tambayar likitocin da aka gani da magungunan da aka sha. Ba ta da hanyar sanin an je wurin malami an yi ruƙiyya, ko wurin fasto, ko mai maganin gargajiya. Addu'a da nasiha suna sanyaya zuciya, babu musu, kuma su ne mafaka ta farko ga mafi yawan mutanen wannan yanki. Matsalar tana ga ɗaya hanyar da ita ma ba ta barin sawu: kemis ɗin bakin titi, daga Mararaba zuwa Masaka har cikin Keffi, inda ake iya samun ƙwayar barci ko ta rage zogi ba tare da takardar likita ba. Maganin damuwa na zamani da likita zai rubuta ya kuma bibiya, an yi nazarin tasirinsa kan matuƙa. Ƙwayar barcin da mutum ya haɗiya da ƙarfe biyu na dare kafin tashin asuba ita ce ke dusashe hankali a ɗakin tuƙi. An gudu gara ke nan an faɗa gidan zago.

Dokar ƙasa ma tana magana da baki biyu. A Janairu 2023 aka sanar da cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi kare sirrin majinyaci da hana nuna masa bambanci wurin aiki. Amma sashe na 231 na kundin hukunta laifuka da jihohin Arewa suka gada tun 1960 ya ɗauki yunƙurin kashe kai a matsayin laifin da ke iya jawo ɗaurin shekara guda, haka ma sashe na 327 na kundin da Kudu ke amfani da shi. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta kafa kwamiti a 2024 don ganin an cire wannan daga jerin laifuka. Matuƙar sashen yana nan, matuƙin da aka tambaya ko ya taɓa yunƙurin cutar da kansa, ana neman ya amsa laifi ne a rubuce ya kuma sa hannu.

Muhawarar cikin gida, idan ta taso, takan tsaya ne ga gwajin barasa da ƙwaya. An ga haka a 2025 bayan jirgin Air Peace ya zarce titin sauka a Fatakwal ranar 13 ga Yuli, lokacin da rahoton farko na Hukumar Binciken Haɗurra ta Najeriya ya ambaci sakamakon gwajin wasu ma'aikatan jirgin, wasunsu kuma suka fito suka musanta. Gwaji yana da amfani, amma abin da ya riga ya shiga jini yake kamawa, kuma ko ya kama ba ya warkarwa. Amurka ta gane haka tun 1974, lokacin da aka fara shirin da kamfanoni da ƙungiyar matuƙa da hukuma ke haɗa hannu su yi wa matuƙin da barasa ta kama magani, su sa masa ido na shekaru, su mayar da shi aiki. Dubbai sun koma ɗakin tuƙi ta wannan hanya.

Jami'an hasumiya ma suna ƙarƙashin wannan doka, kuma ba kasafai ake tunawa da su ba. A Nuwamba 2021 wani daga cikinsu ya yanke jiki ya faɗi a bakin aiki a Abuja ya rasu, ƙungiyarsu kuma ta koka kan ƙarancin ma'aikata da nauyin aiki. Wanda ke jera jirage goma a sama da murya kaɗai, gajiyar ƙwaƙwalwarsa ta shafi fasinjan da bai taɓa ganin fuskarsa ba.

Akwai cututtukan da dole su ajiye matuƙi, kamar wanda ke sa mutum jin muryoyi ko ganin abin da babu, kuma babu hukumar da ke shirin sassauta wannan. Gyaran da ake magana ya shafi ciwon damuwa da fargaba na yau da kullum, kuma ƙa'idar ICAO kanta ta bar ƙofa: ta ce mai shan maganin damuwa ana ɗaukarsa bai cancanta ba, sai idan babban likitan hukuma, bayan ya ga cikakken bayani, ya gamsu cewa ciwon ba zai taɓa aikinsa ba. Ostireliya ta buɗe wannan ƙofa tun 1987, kuma nazarin da aka buga a 2007 kan matuƙa da jami'an hasumiya 481 masu shan maganin bai gano sun fi takwarorinsu yin haɗari ba. Amurka ta biyo baya a 2010 da magunguna huɗu, ta ƙara wasu a 2023 da 2024.

Ƙofar da ke hannun hukuncin mutum ɗaya, wadda ba a san sharuɗɗanta ba sai an shiga, ba ta cire tsoro. Abin da ke cire shi shi ne matuƙi ya karanta tun yana ɗalibi a Zariya ko Ilorin cewa ga magungunan da aka amince da su, ga tsawon lokacin da za a ajiye shi, ga wanda zai yanke hukunci, ga inda zai ɗaukaka ƙara. NCAA za ta iya fitar da adadin waɗanda aka dakatar saboda lafiyar ƙwaƙwalwa duk shekara da adadin waɗanda suka koma aiki, ba tare da suna ba. Adadi na biyun shi ne wanda matuƙa za su fi dubawa. Ƙungiyar matuƙa da injiniyoyin jirage, NAAPE, ita ta fi dacewa ta riƙe layin da matuƙi zai kira ɗan'uwansa cikin dare, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma layin da kamfani ke riƙe da shi ba kowa zai amince ya kira ba. Kamfanoni kuma su ɗauki nauyin wani kaso na albashi a watannin jinya, abin da bai kai kuɗin horar da sabon kyaftin ba.

Saura likitocin da za su yi aikin. Likitan da ke gwada matuƙa yawanci ba ƙwararren ƙwaƙwalwa ba ne, ƙwararren ƙwaƙwalwa kuma da wuya ya san abin da aikin ɗakin tuƙi ke buƙata, don haka idan aka tambaye shi ko majinyacinsa zai iya tuƙi, amsar da ta fi masa sauƙi ita ce a'a. Horar da likitoci ko da goma ne da suka haɗa sanin fannonin biyu, a cibiyoyin da ke kusa da manyan filayen jirage irin su Abuja da Keffi, Kano, Legas da Fatakwal, abu ne da NCAA da Ma'aikatar Lafiya za su iya farawa ba tare da sun jira Majalisar Dokoki ta Ƙasa ba.